Maganar Giyar Motarmu da Takardar Garanti

Jawabin kwamitin mota a taron cika shekara goma na ƙungiya, kamar yadda shugabar kwamitin ta karanta shi



Uwar ƙungiya, iyayenmu mata da suka kafa wannan tafiya, jami'in gama kai da ya zo mana daga ƙaramar hukuma, mazajenmu da 'ya'yanmu da ke zaune can baya, 'yan uwa na reshen Kaura, na Shinkafi da na Zurmi, barkanmu da ganin wagga rana. Waɗanda suka yi sammako, da waɗanda suka kwana wajen dangi don kada dare ya riske su a hanya, sannunku da ƙoƙari. Allah ya maida kowa ɗakinta lafiya.

Minti ashirin aka ba mu, kuma mun san abinci na jira. Amma tun daga bakin ƙofa muke jin tambaya guda tana yawo: mi ya sa rabon bana bai kai na bara ba, alhali an ce an sayi mota don riba ta ƙaru? Ma'aji ta karanta lissafi, kun ji inda ramin yake. Mako goma sha ɗaya motar ta yi ba ta ɗauki ko buhu ɗaya ba. Da kuɗinku aka saye ta, don haka dole ku ji yadda aka yi daga bakinmu. Wasu sun ji an ce dila ya cinye mu, wasu sun ji an ce mun kai shi kotu mun kayar da shi. Duka biyun ba haka ba ne.

Kun san abin da ya kai mu ga sayen mota. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya tashi bai sauko ba. Mace ta soya ƙuli, ta tace man gyaɗa, ta kai tasha, a caje ta kuɗin kanta, a caje ta kuɗin jarka, kafin ta isa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ribar ta ƙare a hanya. Ga kuma jiran mota ta cika, wanda kan sa a baro kasuwa bayan la'asar, lokacin da ba mai hankalin da ke son ya kasance tsakanin Shinkafi da Moriki. Ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, da aka rufe kasuwannin mako aka yanke layin waya a jihar nan, kaya suka lalace mana a ɗaka. Shi ya sa babban taro ya yanke a sayi ƙaramar bas mai kujera bakwai, irin su Sharon da Sienna da kuke gani a tasha, wadda za ta tashi lokacin da muka ga dama, ta kuma kai mai naƙuda asibitin Kaura ko Gusau in buƙata ta taso.

A Kano muka same ta, wajen wani dila da ba za mu faɗi sunansa ba, tun da an yi sulhu kuma ya cika abin da ya ɗauka. Tsohuwar mota ce 'yar waje, mai giya otomatik, wato wadda ba ta da kuloci, ita ke canja wa kanta giya.

A nan sai mun tsaya kaɗan, don kalmar garanti ta rikita mutane da yawa, har da mazajenmu. Garanti iri biyu ne. Akwai na kamfanin da ya ƙera mota, wanda ake ba mai sabuwa. A Amurka, inda yawancin Sienna ke fitowa, kamfanin Toyota kan ɗauki nauyin injin da giya na shekara 5 ko tafiyar mil 60,000, duk wanda ya riga cika. Motar da ta shekara goma sha wani abu kafin ta hau jirgin ruwa, wannan alkawarin ya daɗe da mutuwa. Ba ruwan kamfani da mu. Abin da ya rage shi ne garantin dila, shi kuwa girmansa daidai girman abin da aka rubuta. In baki ne kawai ya faɗa, ranar da mota ta tsaya bakin zai manta.

Ranar ciniki dilan ya ce mana, da murmushinsa, "Hajiya, injin da giya duk a wuyana, wata uku." Uwar ƙungiya ta ce, "To Alhaji, a rubuta." Ya ce ai tsakaninmu amana ce. Ta ce, "Amana ta ka sa a rubuta, don ni da kai duka muna iya mutuwa gobe, kuɗin ko na mata ɗari da wani abu na." Rasit ɗinsa na Turanci ne, kuma a ƙasansa da ƙananan baƙaƙe an buga cewa kayan da aka saya ba a maidowa. Sakatariya ta sa ya soke wannan layin da biro ya sa hannu a gefe. Sannan aka yi takarda ta biyu da Hausa, kwafi biyu: lambar mota, lambar shasi, abin da mita ta nuna ranar, da cewa injin da giya suna wuyan dila har kwana 90 ko tafiyar kilomita 5,000. Shi kuma ya sa nasa sharaɗi: kada wani bakanike ya buɗe injin ko giya sai da saninsa, kuma kada a yi mata lodin da ya wuce ƙarfinta. Muka yarda, don sharaɗi ne na gaskiya. Rasit da takarda duka da sunan ƙungiya aka yi su, ba da sunan mijin kowa ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Daga ranar da mota ta iso Kaura aka buɗe mata littafi, irin dai na adashi. Kowace tafiya direba zai faɗa, sakatariyar reshe ta rubuta: kwanan wata, inda aka je, abin da mita ta nuna da fita da dawowa, mutum nawa, buhu nawa, jarka nawa, man da aka sha. Wasunku sun yi ta ƙorafi, wai kamar a asibiti. To wannan littafin da kuke gani a kan tebur, shi ne ya biya rabin kuɗin giya.

A rana ta tara direba ya lura in ya sa giya da safe sai motar ta yi jim kafin ta kama, sannan ta zabura. Ya yi wa yaron dila saƙon murya ta WhatsApp. Yaron ya amsa da murya shi ma, ya ce, "Ai haka suke in sun daɗe a ajiye, za ta saki." Bayan mako biyu direba ya sake aikawa, ya ce yanzu in ta yi zafi injin na kuka amma gudu ba ya ƙaruwa. Aka ce ya ci gaba da lallaɓawa, oga ya yi tafiya. Duka saƙonnin direba ya tura su wayar sakatariya ranar da aka yi su, ita kuma ta rubuta a littafi.

A rana ta 47, wata Alhamis, suna dawowa daga Shinkafi da mata shida a ciki, kafin su kai Moriki giya ta saki gaba ɗaya. Injin na aiki, mota ba ta motsi. Waɗanda ke ciki suna cikin ɗakin nan, ba sai mun bayyana muku abin da tsayuwa a wannan wurin take nufi ba. Allah ya kawo wata motar haya ta kwashe su, mutanen wani ƙauye suka taimaka aka tura tamu zuwa inda ake iya kwana da ita. In kun ji muna ɗaga murya a kan maganar giya, wannan ne dalili. A wani gari lalacewar mota asarar kuɗi ce da ɓata lokaci. A hanyoyinmu tana iya zama fansar da za ta cinye gonar gida.

Direbanmu ya yi wani abu a ranar da ya cancanci a faɗa a gaban jama'a. An kawo igiya za a ja motar har Kaura, ya ƙi. Mota mai otomatik, famfon da ke zagaya da mai a cikin giya injin ne ke juya shi. In aka kashe injin aka ja ta tafiya mai nisa tayoyin gaba na ƙasa, ƙarafan ciki suna ta juyawa ba mai, sai su ci juna. Da an ja ta, da dila ya sami abin faɗa, kuma da ya yi gaskiya. Washegari aka kira motar ɗaukar mota daga Gusau aka ɗora ta. Ya yi tsada, ma'aji ta yi tsaki, amma aka biya aka karɓi rasit.

Daga nan aka shiga wasan da ya fi komi cin rai. Mu kira, a ce Alhaji na Legas wajen fito da kaya. Mu kira, a ce yana ta'aziyya. Mu kira, waya a kashe. Ba a taɓa ce mana a'a ba, kullum sai dai in sha Allahu mako mai zuwa. Ɗiyar ɗaya daga cikin iyayenmu, wadda ke aikin lauya, ita ta ce mana mu ƙirga kwanaki. Saura kwana arba'in da 'yan kai garanti ya cika, kuma mai cewa mako mai zuwa sau shida ya gama da ku ba tare da ya yi faɗa da kowa ba. Ta rubuta mana wasiƙa gajera: ga ranar da aka saya, ga ranar da aka fara ƙorafi, ga ranar da ta tsaya, ga abin da mita ta nuna, muna neman gyara ko canji bisa takardar da ya sa wa hannu. A rana ta 52 aka kai wasiƙar har shagonsa, yaronsa ya sa hannu a kwafinmu da kwanan wata. Daga wannan rana agogo ya daina gudu a kanmu, don abin da za a duba shi ne ranar da muka sanar, ba ranar da ya ga damar amsawa ba.

Sai ga Alhaji ya samu. Maganarsa ta farko, wai garanti na injin ne kawai, ba dilan da ke ba da garantin giya a tsohuwar mota. Aka tura masa hoton takardar Hausa. Bai sake tada wannan ba. Ta biyu, wai bakanikenmu ya taɓa. Muka ce ya aiko a duba, ko ƙusa ɗaya ba a kwance ba. Ta uku ita ce mai nauyi: wai mun maida motar iyali ta zama a-kori-kura, mun yi mata lodin gyaɗa a hanyar rairayi, mu muka ƙone giyar.

Wannan magana ba ta banza ba ce, kada ku yi mata dariya. Abin da ke kashe giya otomatik zafi ne. Man giya shi ke ɗaukar ƙarfin injin ya kai wa taya, shi ke sanyaya ƙarafa, kuma shi kansa sai ya bi ta tiyo ya je wajen lagireto ya huce ya dawo. In an cika lodi, ana tafiya a hankali cikin rairayi da zafin bazara, man kan dahu ya yi baƙi ya yi ƙauri, faifan da ke kama giya su fara zamewa. Kowa a nan ya taɓa ganin Sharon da buhuna har saman rufi, bayanta na shafar ƙasa. Da haka muke yi, da ba mu da bakin magana. Amma littafi ya nuna tafiya 31 a cikin kwana 47, kuma ba ranar da aka haɗa cikar mutane da cikar kaya. Ranar da ta tsaya, mata shida ne da jarkoki marasa komi da 'yan ƙullin cefane. Sannan ga saƙon rana ta tara, lokacin da ko kilomita dubu ba mu yi ba.

Da ya ga haka sai ya ce mu turo mazajenmu a yi maganar maza. Nan ne sunan da ke kan rasit ya yi aiki. Ƙungiyar gama kai da ta yi rajista, a dokar ƙungiyoyin gama kai ta Najeriya ta 1993, mutum ce a idon doka: tana iya mallakar dukiya, ta ƙulla ciniki, ta kai ƙara, a kai ta ƙara, da sunanta. Mijin uwar ƙungiya ya raka mu Kano, Allah ya saka masa, ya gaisa da kowa ya koma gefe ya zauna da carbinsa. Da dila ya juya gare shi, sai ya ce, "Alhaji, ni rakiya niz zo. Ga masu mota nan."

Kafin tafiyar mun nemi sanin matsayinmu ta fuska biyu. Ta fuskar addini, malamar islamiyyarmu ta Kaura ta tuna mana abin da ke cikin babin ciniki na Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda da yawanmu mun karanta: ɓoye aibi haram ne, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi da ba a nuna masa ba yana da zaɓi, ya riƙe ko ya maida ya karɓi kuɗinsa. Mai sayarwa da ya san aibi sai ya ambace shi, cewa "na sayar yadda ka gani" ba ta wanke shi. In kuma aka yi gardama ko aibin tsoho ne ko a hannun mai saye ya faru, masana sana'ar ake kira su duba. Ta fuskar dokar ƙasa, lauya ta nuna mana dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar CPC. Dokar ta ce kayan da aka sayar dole su kasance masu aiki, su yi ƙarko daidai gwargwado, kuma a cikin wata uku da karɓa mai saye na iya maida abin da ya gaza, a gyara, ko a canja, ko a biya shi. Ta ce mana kada mu ɗauka za a auna tsohuwar mota da ma'aunin sabuwa. Amma giyar da ta fara ciwo a rana ta tara, ba tsufa ba ne wannan.

Abin da duka biyun suka bar mana a wuya shi ne hujja. A Ingila, dokarsu ta 2015 ta ce aibin da ya fito cikin wata shida na farko ana ɗauka da shi aka sayar, sai dai mai sayarwa ya kawo hujjar akasin haka. Mu ba mu dogara da samun irin wannan sauƙi ba. Muka shirya kamar mu ne za mu tabbatar da komi.

Dillalan motoci suna da ƙungiyarsu da dattawansu, kanikawa ma haka. Wajen dattawan muka fara kai kuka, da kwafin wasiƙa da kuma takardar ƙorafi zuwa FCCPC wadda lauya ta cika amma ba a aika ba tukuna. Muka ajiye ta a kan tebur inda kowa zai gani. Aka yarda a kan abu ɗaya: a kawo bakaniken giya wanda ba namu ba, ba nasa ba, ya buɗe a gaban wakilin kowane ɓangare, a ɗauki hoto, abin da ya faɗa shi ke nan. Dila ya so a kai motar garejinsa a Kano. Muka ce a'a, a Gusau za a buɗe, don in ta shiga garejinsa ta kwana, ba mu san abin da za mu tarar da safe ba. An yi kwana tara ana wannan ja-in-ja kaɗai.

Ranar buɗewa mata uku daga kwamiti suka tsaya a gareji tun safe. Bakaniken dattijo ne, bai da yawan magana. Ya fara da farantin da ke ƙarƙashin giya, inda mai ke taruwa. Kafin ya kwance ya nuna mana bakinsa: an shafe shi da gam, ba da robar da kamfani ke sawa ba, alamar an buɗe shi ba da daɗewa ba. Ya tsiyaye man a kwano, baƙi ƙirin, mai kauri, ya ce wannan ba man da aka yi wa giyar ba ne, an zuba mai kauri don ta riƙa kamawa na ɗan lokaci. A cikin farantin akwai mayen ƙarfe da ke kama ƙurar ƙarfe. Ya ɗago shi ya yi gashi kamar bushiya, har da 'yan ɓarɓashi da ake ji a yatsa. Sannan ya bi tiyon da ke kai mai wajen lagireto, ya tarar an yanke an haɗe bakin biyu da juna, wato man na zagayawa ba ya hucewa. Ya dubi wakilin dila ya ce, "Wagga giya da ciwonta ta zo. Ko auduga sunka ɗauka, da ta mutu."

Ba mu ce dilan ne ya yi wannan aiki da hannunsa ba, kuma ba mu yarda kowa ta fita tana faɗin haka ba. Mota kan bi hannu uku ko huɗu kafin ta iso filin dila. Shi ya rantse bai sani ba, tsakaninsa da Allah. Abin da muka tsaya a kai shi ne ya sa hannu cewa giya na wuyansa, sani ko rashin sani.

Ga abin da aka sasanta. Dila ya kawo wata giya 'yar waje, bakaniken nan ya duba ta kafin a ɗaura, kuma dila ya biya kuɗin aiki. Mu muka ɗauki kuɗin ɗauko mota daga Moriki, da man giya na ainihi, da sabon tiyo, da zirga-zirgar Kano. Aka rubuta sabon garanti na kwana 60 a kan giyar da aka sa. Kuɗin da motar za ta samo a mako goma sha ɗaya, wannan ya tafi, ba wanda ya biya mu. Adadin kowanne yana shafin lissafi na wannan mujalla.

Mun san akwai waɗanda ba su ji daɗi ba, musamman 'yan uwa na Zurmi, waɗanda daddawarsu da man gyaɗarsu suka fi kowa jira. Sun ce da hujja irin wannan a hannu, mi ya hana a je kotu a karɓo har asarar? Tambaya ce mai kyau, kuma kwamiti ya raba dare a kanta. Lauya ta ce mai yiwuwa sai a Kano za a yi shari'ar, inda aka yi ciniki. Kowane zama sai mata biyu da mai rakiya sun bi ta Gusau, Tsafe da Funtua, su kwana, su dawo, kuma a ɗage. Duk wannan lokacin motar na ajiye a matsayin hujja, ba a taɓa ta, tayoyi na sacewa, batir na mutuwa, kaka na wucewa. A ganinmu giya a cikin mota kafin a fara cire gyaɗa ta fi hukuncin da ba mu san ranarsa ba. Wadda ke ganin akasin haka ba ta yi laifi ba, kuma takardun duka suna nan in babban taro ya so ya sake dubawa.

Yanzu ga abin da muke roƙo ku yanke yau, don ba labari kawai muka zo ba ku ba.

Muna neman a riƙa cire kashi ɗaya cikin goma na duk abin da mota ta samo a ajiye a asusu na daban, ba a ranta, ba a raba, ba a taɓa shi don biki ko suna. In garantin nan ya cika, duk abin da ya lalace namu ne, kuma kun ga yadda kuɗin kayan gyara ke bin dala tun 2023. Mun san wannan zai rage rabon baɗi ma. Gara ku ji daga yanzu.

Muna kuma neman a ba direba iko a rubuce ya ƙi lodi. Wannan ita ce mai zafi. Tun da mota ta dawo, sau uku ana cacar baki da shi a kan buhu ɗaya, "ɗan wanga kaɗai, ai ba shi da nauyi." Yaro ne, ɗan cikinmu ne, ba ya iya musu da wadda ta goya shi. Amma sharaɗin lodi na nan a sabuwar takarda kamar yadda yake a tsohuwa, kuma ranar da aka rubuta buhun da ya wuce ƙa'ida a littafi, littafin da ya tsaya mana shi zai tsaya wa dila. In kuwa aka ƙi rubutawa, to littafin ya zama na ƙarya, ba shi da sauran amfani. Inna, Gwaggo, ku yi haƙuri, in ya ce a'a, ƙungiya ce ta ce.

Akwai kuma masu shirin sayen injin niƙa a Shinkafi, da reshen Zurmi da ke maganar firiza mai sola. Kwafin takardar Hausa da muka yi da dila yana wajen sakatariya, an goge sunaye. Ku karɓa ku canja abin da ya kamata: lambar inji, tsawon kwana, wane sashe ne ke wuyan mai sayarwa, wa zai biya kuɗin kai wa da dawowa, wane gari za a buɗe in ya lalace. Wannan na ƙarshen shi ya ci mana kwana tara.

Sabon garanti saura kwana 19 ya cika. Duk wadda ta shiga motar daga yau, in ta ji ta yi jim kafin ta tashi, ko ta zabura wajen canja giya, ko ta ji ƙauri kamar an bar tukunya a wuta, ta faɗa wa sakatariyar reshenta a ranar, kada ta bari sai an haɗu a taro. Ranar Litinin za a kai ta Gusau bakaniken ya sake duba mai, don haka ba tafiyar Zurmi a ranar, an maida ita Talata. Ta Shinkafi na nan ranar Alhamis, tashi ƙarfe bakwai daga ƙofar ofis, a baro kasuwa ƙarfe biyu, ko an sayar ko ba a sayar ba.

Ma'aji za ta raba takardun ƙuri'a bayan sallar azahar. Littafin mota da hotunan gareji suna kan teburin nan ga mai son gani, a dai wanke hannu in an ci abinci.